Sanƙarau a Ƙasar Zurmi, da Yadda Shugaba ya ke Koyo Wurin Ɗan'uwansa

Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi arewa, in ya yi tafiyar mil 30 da 'yan kai sai ya iso Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta tuƙe tun cikin shekara ta 1929. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Moriki, garin Sarkin Burmi, ta zarce Shinkafi. Ɗayar kuwa ta bi ta Zurmi ta ɓulle Jibiya cikin ƙasar Katsina, daga Jibiya sai Maraɗi. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da fatake, kuma tun kaka da kakanni ba su san wani shinge tsakaninsu da Gobir da Katsina da Maraɗi ba. Kasuwa ɗaya su ke ci, suna auratayya, in yunwa ta kori na can su gangaro nan, in ta kori na nan su haura can. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo suka ja layi tsakani, suka kafa duwatsun iyaka daga 1906 zuwa 1908.

Layin nan bai hana ɗan kasuwa wucewa ba, bai kuwa hana cuta ba. Abin da ya tsayar shi ne takardun ma'aikata. Likitan Sakkwato ya kan aika da labarinsa Kaduna da Ikko da Turanci, na Maraɗi ya aika da nasa Yamai da Dakar da Faransanci, ga su maƙwabta amma kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. To, labarin da za mu ba da nan labarin wannan juya baya ne, da lokutan da shugabannin lafiya suka waiwayo suka dubi juna, da abin da aka samu sa'ad da suka yi haka. Cutar da za mu bi sawunta ita ce sanƙarau, don ita ce ta fi kowace cuta tona asirin hukuma a ƙasar nan.

Sanƙarau cutar rani ce. Wata ƙwayar cuta ke kawo ta, wadda ta kan zauna cikin maƙogwaron mutane da yawa ba ta yi musu kome ba. Sa'ad da hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta yi yawa, mutane suka cunkushe cikin ɗaki ɗaya, sai ta sami ƙofa ta shiga jini, ta haura ta kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya wadda ta ba cutar sunanta. Yaron da ya yi wasa da safe ya kan cika kafin wata safiya. Wanda ya tashi kuwa, sau da yawa ya kan tashi da kurunta ko taɓin hankali. Tana tsananta daga watan Janairu zuwa Afril, da zarar ruwan sama ya sauka sai ta kwanta kamar an yi mata tsawa. Turawa sun rubuta labarin wata babbar annobarta a Arewa tun 1905. Cikin 1963 wani likitan soja Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya zana taswirar ƙasashen da ta ke addaba, aka ga sun yi ɗamara guda daga Sanagal har Habasha. Moriki da Zurmi da Shinkafi suna tsakiyar ɗamarar nan sosai.

Da aka sami mulkin kai ba a gyara ɓarakar da Turawa suka bari ba. Ƙasashen da Faransa ta rena suka kafa ƙungiyarsu ta yaƙi da manyan cututtuka cikin 1960, suka ajiye ta a Bobo-Dioulasso, Nijar tana ciki, Nijeriya ba ta ciki. Masu Turancin Ingilishi su ma daga baya suka yi tasu dabam. Sai cikin 1987 shugabannin Afirka ta Yamma suka sa hannu a haɗe su biyun su zama hukuma ɗaya, ita ma kuwa ba ta kama aiki sosai ba sai wajen shekara ta 2000. Watau shekara 40 aka kwashe kafin a sami inuwa guda inda babban likitan Nijeriya da na Nijar za su zauna su gwada littattafansu.

Cikin wannan hali annobar 1996 ta auko, shekarar da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato. A Nijeriya kaɗai an ƙidaya mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu, ban da waɗanda aka binne a ƙauye ba a rubuta ba. A ɗamarar duka, daga 1996 zuwa 1997, waɗanda suka kamu sun kai 250,000, waɗanda suka rasu 25,000. Abin ya girgiza ministocin lafiya na Afirka ƙwarai. Allurar da a ke da ita a zamanin nan ba ta daɗewa a jiki, ba ta kuma yi wa ƙananan yara aiki sosai, saboda haka sai wuta ta kama a ke gudu a nemo ta. Ministocin suka haɗa baki suka nemi Hukumar Lafiya ta Duniya ta samo musu wadda za a yi tun kafin annoba. Aka fara aikin cikin 2001. Wani abu da ya kamata a tuna shi ne, masu kuɗin da masanan ba su ne suka yanke farashi ba. Da aka zagaya aka tambayi ma'aikatun lafiya na ƙasashen, jami'ansu, musamman na Nijar, suka tsaya kan cewa allurar da ta wuce rabin dala ba za su iya saye ba, kuma maganin da ba a iya saye ba shi da amfani gare su. Manyan kamfanonin Turai ba su ga riba a wannan farashi ba, sai wani kamfani na ƙasar Indiya, Serum Institute, ya karɓi aikin. Aka sa wa allurar suna MenAfriVac. Burkina Faso ta fara yi wa mutanenta cikin Disamba 2010, Mali da Nijar suka bi, Nijeriya ta fara a ƙarshen 2011, ana yi wa duk mai shekara 1 zuwa 29. Kowace ƙasa ta shigo tana duban abin da ta gabanta ta yi. Cikin 'yan shekaru irin ƙwayar da a ke kira A, wadda ita ce ta yi ɓarnar 1996, ta ɓace kamar an share.

Amma annobar 1996 ta bar wani miki dabam. A Kano, a tsakiyar annobar, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani, Trovan, cikin gwajin da aka sa yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, waɗansu suka naƙasa. Aka daɗe ana shari'a. Talakawa ba su manta ba. Don haka sa'ad da jita-jita ta tashi cikin 2003 cewa an sa abin hana haihuwa cikin ɗigon rigakafin shan inna, ba a sha wahalar shawo kan mutane su gaskata ba. Gwamnatocin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Nan ma koyi da juna ne, amma irin wanda ba a so, gama jiha ta ga 'yar'uwarta ta tsaya ita ma ta tsaya. Turawa suka yi ta aiko da takardun shaida, ba wanda ya saurare su. Kano ba ta komo ba sai a ƙarshen Yuli 2004, bayan ta aika da nata mutane ƙasar Indunusiya, ƙasar Musulmi, sun ga inda a ke yin maganin da idonsu. Kafin nan cutar ta riga ta tsallaka, cikin shekaru uku ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita kanta Indunusiya.

Ko da gwamnoni suka janye, iyaye ba su buɗe ƙofofinsu ba. Cikin 2008 yara 798 shan inna ta kama a Nijeriya, galibinsu a Arewa. Sa'an nan aka yi dabara biyu cikin 2009. Ta fari, gwamnoni suka taru a Abuja suka sa hannu kan alkawari, aka riƙa auna kowa ana karanta sakamakonsa gaban 'yan'uwansa. Ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farin nauyi, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa na lafiya matakin farko, Shehun Bama ya shugabance shi, Dokta Muhammad Ali Pate kuwa, wanda ke riƙe da hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa a lokacin, ya tsaya musu da kayan aiki. Taron sarakuna ba baƙon abu ba ne a Arewa, tun farkon shekarun 1930 su ke taruwa a Kaduna. Abin da ya ke sabo shi ne abin da a ke tattaunawa. Sarki ya kan tashi ya faɗi yawan gidajen da suka ƙi a ƙasarsa, da yadda ya yi da su. Wannan ya ce shi ya ɗiga wa ɗansa gaban jama'a. Wancan ya ce ya sa kowane mai unguwa ya bi masu rigakafi gida gida, dagaci ya karɓi lissafi da yamma, hakimi ya kawo fada. Wanda ƙasarsa ta yi baya ba ya bukatar a yi masa faɗa, kunyar takwarorinsa ta ishe shi. In ya koma gida sai ya tara hakimansa ya yi musu yadda aka yi masa, har abin ya gangaro ya iso ƙofar mai unguwa a Moriki da Ƙwashabawa da Badarawa.

Lissafi ya nuna abin da ya biyo baya. Daga 798 aka sauko 388 cikin 2009, aka sauko 21 cikin 2010. Ba sarakuna kaɗai suka yi wannan ba, an sami sabon irin ɗigo, an kuma gyara tsarin aiki, amma ba mai musun rabonsu. Da aka yi sake cutar ta sake ɗagowa, ta kai 122 cikin 2012, sai aka kafa ɗakin ko-ta-kwana a Abuja da waɗansu jihohi, inda ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin waje su ke zama ɗaki ɗaya, da shugaba ɗaya, suna duban lissafi ɗaya kowace safiya. Amfanin ɗakin nan ya wuce shan inna. Sa'ad da cutar Ebola ta sauka Ikko cikin Yuli 2014, mutanen da suka ƙware a ɗakin shan inna aka ɗebo, Dokta Faisal Shu'aibu ya shugabance su, suka kafa irinsa a can. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka ce Nijeriya ta rabu da ita. Shan inna ta daji kuwa an ga ta ƙarshe a Barno cikin 2016, aka ba Afirka takardar shaida ran 25 ga Agusta 2020, ko da ya ke wani irin da ya samo asali daga ƙwayar rigakafin kanta ya ci gaba da ɓulla bayan haka a Zamfara da Sakkwato, inda yara da yawa ba su sami ɗigon ba.

Mai karatu ya ga dalilin da ya sa muka ratse zuwa shan inna. Muna so a san cewa kafin 2016 Arewa ta riga ta san hanyar. Ta san shugaba ya fi jin maganar wanda ke ɗauke da kaya irin nasa bisa maganar baƙon masani, ta san amfanin ɗakin ko-ta-kwana, tana kuma da sarƙar da ta taso daga mai unguwa har fadar Sarkin Musulmi. Har a wajen ma'aikata an taɓa gwada irin wannan. Daga 2006 zuwa wajen 2014 an yi wani shiri da kuɗin Ingila da Norway wanda ya haɗa Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, inda ma'aikatan wannan asibiti su kan je su duba na wancan, su zauna tare su faɗi abin da suka gani, ba mai kama wani da laifi. Cikin shirin nan aka kafa tashar ƙidayar haihuwa da mutuwa a Nahuce, ƙasar Bunguɗu, bisa misalin wadda ke Navrongo a arewacin Gana. Jigawa ta tattara asibitocinta ƙarƙashin tsarin Gunduma cikin 2007, Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta karɓi manufar tattara lafiya matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya cikin 2011. Su gwamnoni ma cikin 2011 ɗin suka ƙaddamar da tsarin auna juna, Anambara da Ekiti suka fara miƙa kansu. Kayan aiki dai ga su nan birjik.

To, sai ga sabon baƙo. Da aka kawar da irin A, wani irin da a ke kira C, wanda MenAfriVac ba ta tare shi, ya ɓullo a Jihar Sakkwato cikin 2013. Likitocin ƙungiyar MSF da na jihar suka ɗebi ruwan gadon baya aka auna, aka ga sabon iri ne wanda ba a taɓa gani ba. Cikin 2014 ya ɓulla a Kabi. Cikin 2015 ya kama mutum fiye da 6,000 a Kabi da Sakkwato, ya tsallaka Nijar ya kama fiye da 8,000, ya kashe fiye da 500, har gwamnati ta rufe makarantun Yamai na 'yan kwanaki cikin watan Afril. Shekara uku ke nan a jere cutar tana kewaya Zamfara ta yamma da arewa. Ma'aikatan Sakkwato da Birnin Kabi da Doso sun koyi abubuwa da yawa da wahala. Sun san allurar C kaɗan ce a duniya, ba a sayenta a kasuwa yadda a ke so. Sun san rumbun da a ke ajiye ta, wanda aka kafa cikin 1997 bayan babbar annoba, ba ya sakin ko kwalba ɗaya sai an kawo masa lissafin mako mako da shaidar ɗakin gwaji cewa ga irin ƙwayar. Sun san ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa in mutum 3 cikin 100,000 suka kamu a mako guda a yi shiri, in sun kai 10 annoba ce. Sun san sai an tanadi allurar ɗibar ruwan baya, da kwalaben da a ke zuba shi don kada ƙwayar ta mutu a hanya, da wanda ya iya ɗiba, da maganin ceftriaxone na kwana biyar. Duk wannan sani yana nan tafiyar yini guda daga Gusau.

A ƙarshen 2016 cutar ta ɓulla cikin ƙaramar hukumar Zurmi, wadda Moriki ke cikinta. Lissafin hukuma ya fara daga 13 ga Disamba. Labari bai kai ga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ba sai cikin Fabrairu 2017, bayan ta riga ta bazu cikin ƙananan hukumomi da dama. Ɗakin ko-ta-kwana na ƙasa bai buɗe ba sai farkon Afril. Allura 500,000 na farko ma sai cikin makon farko na Afril aka fara yinsu a Zamfara, watau kusan wata huɗu bayan mutum na farko ya kwanta, saura 'yan makonni ruwa ya sauko ya kashe wutar da kansa. Daga baya Ingila ta ba da waɗansu fiye da 800,000 aka kai Sakkwato. Da aka rufe littafi cikin Yuni, an rubuta mutum 14,518 da a ke zaton sun kamu, 1,166 sun rasu. Wajen rabin waɗanda suka kamu 'yan Zamfara ne, kuma yara masu shekara 5 zuwa 14 su suka fi yawa. Cikin dukan waɗannan, waɗanda aka auna ruwan bayansu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ba a taɓa rubuta annobar irin C mai girman wannan ba a duniya.

Ina aka yi asarar wata huɗun nan? Wani sashe ya tafi a ƙauye, inda a kan fara kai mai sanƙarau wurin mai magani, a ce iska ce. Wani ya tafi a ƙananan asibitoci, inda ma'aikaci ɗaya ke riƙe da ɗaki duka, ya ga zazzaɓi ya ba da maganin cizon sauro. Wani ya tafi tsakanin ƙaramar hukuma da Gusau, wani tsakanin Gusau da Abuja, har Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya koka a fili cewa an makara wajen sanar da su. Wani kuma laifin duniya ne, gama allurar ba ta wadata ba ko da an nema da wuri. Ba za a ɗora wa mutum ɗaya wannan kaya ba. Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, sarƙar nan da aka ƙera don shan inna tana nan a Zurmi a wannan rani, ga masu unguwa, ga jami'an sa ido da a ke biya don su nemo yaron da ƙafarsa ta shanye. An horar da su su ga cuta ɗaya tak. Masu ba da kuɗi daga waje shan inna suka sa gaba, tarurrukan da a ke kiran shugabanni na shan inna ne, lissafin da a ke karanta wa gwamna gaban 'yan'uwansa na shan inna ne. Ba wanda ya ke jin kunyar takwaransa saboda sanƙarau, don ba a taɓa tambayarsa ita a gaban kowa ba.

Ana cikin haka, farkon Afril, Gwamnan Zamfara Abdul'aziz Yari ya gaya wa 'yan jarida a Abuja cewa annobar horo ce daga Allah saboda yawan saɓo, musamman zina. Shi ne kuwa shugaban ƙungiyar gwamnonin Nijeriya a lokacin, watau ita ƙungiyar da ta kafa tsarin auna juna. Kashegari Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya ba shi amsa a wani taro a Kaduna, ya ce maganar ba daidai ba ce ko a wajen addini, in babu allura a je a nemo. Mutanen gwamna suka ce ba a fahimce shi ba, aka yi ta ka-ce-na-ce cikin jaridu. Musulmi duka ya yarda cuta da lafiya na Allah ne, ya kuma san an umurce shi da neman magani, saboda haka gardamar ba ta da tsawo ga mai son gaskiya. Abin lura a nan shi ne, likitoci da yawa sun faɗi abin da Sarkin Kano ya faɗa, ba a ji su ba, sai da mai rawani ya faɗa ƙasa ta ɗauka. Amma gyaran da a ke yi wa mutum a bainar jama'a ya kan sa ya ƙara ƙafewa. Na sarakuna cikin 2009 ya ci nasara ne don a ɗaki a ke yinsa, tsakanin tsara, a kuma dawo bayan 'yan watanni a sake tambaya. Cikin watan Afril ɗin dai aka kira taron gaggawa na sarakuna da gwamnonin Arewa a Kaduna kan sanƙarau, aka ɗora wa hakimai da dagatai kai labarin duk wanda ya kamu. Taro ne mai kyau, sai dai an yi shi cikin Afril, alhali kuwa cikin Nuwamba ya kamata.

Bayan annoba an yi gyara, kuma ya kamata a faɗe shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ƙarƙashin Dokta Chikwe Ihekweazu, ta shiga kafa wa jihohi nasu ɗakunan ko-ta-kwana cikin 2018, waɗanda ba na cuta ɗaya ba ne, Zamfara kuwa tana cikin na farko. A wannan shekara aka sa hannu kan dokar da ta ba hukumar ƙafar tsayawa, gama da can tana aiki ne ba doka bayanta. Aka horar da ma'aikata ɗibar ruwan baya, aka shirya yadda za a riƙa kai shi ɗakin gwaji. Ranin 2018 ya zo da sanƙarau, amma bai yi kusa da na bara ba. Kamfanin nan na Indiya kuma ya gama wata sabuwar allura mai tare iri biyar, A da C da W da X da Y. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita cikin Yuli 2023, Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta yi aiki da ita, cikin Maris 2024, sa'ad da annoba ta tashi a Jigawa da Bauci da Yobe. Nijar ta bi bayanta cikin 'yan watanni. A wannan karon Nijar ce ta dubi Nijeriya, kamar yadda Nijeriya ta dube ta cikin 2011.

Sai dai a ƙasar Moriki kanta wata matsala ta sha gaban wannan duka. Tun wajen 2011 ɓarayin shanu suka fara addabar Zamfara, abin ya girma ya zama satar mutane da ƙone ƙauyuka, kuma Zurmi da Shinkafi suna cikin wuraren da ya fi tsanani. Sarƙar kai labari tana tsayawa ne bisa mai unguwa da ke zaune cikin unguwarsa, da malamin asibiti da ke kwana a ƙauye, da hanyar da babur zai bi ya kai kwalba Ƙaura kafin rana ta faɗi. Inda ƙauye ya watse, ko ma'aikaci ya gudu, ko hanya ta gagara biyuwa, ɗakin ko-ta-kwana na Gusau ba ya ganin kome, kome kyan kayan da ke cikinsa. Cikin Yuni 2024 ma'aikatan MSF da na Ma'aikatar Lafiya suka auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Ta wajen arewa kuma, bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 Nijeriya ta rufe iyaka har zuwa Maris 2024, daidai da rani guda na sanƙarau, sa'an nan cikin Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma tare da Mali da Burkina Faso, ƙasashen nan uku da suka fara gwada MenAfriVac.